Baƙar motata ta cika da siraran zane a fenti, seramik ne maganin?

Baban Ummi, Agege:
Assalamu alaikum. Baƙar Camry ce tokumbo, fentinta sumul na saye ta. Yanzu in rana ta haska bonet sai ka ga siraran zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Kullum da asuba yarona yake kaɗe mata ƙura da tsumma, ranar Lahadi kuma a wanke da omo. Wani a kasuwar Ladipo ya ce in yi mata seramik, wato wani ruwan kariya da ake shafa wa fenti ya daskare a kai, komai zai ɓace. Kuɗin ba na wasa ba ne, shi ya sa nake son jin ta bakin masu sana'ar.

Mai Wankin Mota, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah ka dakata da maganar seramik tukuna. Seramik ba ya cire karce ko ɗaya. Abin da ya tarar a jikin fenti shi yake lulluɓewa, sai ka biya kuɗi mai yawa ka adana zanen nan na shekaru.

Tsumman asuban nan shi ne ya yi maka ɓarnar. Ƙurar da ke kwanciya a mota yashi ne mai laushi, musamman a hunturu, kuma saman fentin akwai wani siririn rufi mai sheƙi wanda ko kaurin takarda bai kai ba. Duk shafa ɗaya a bushe, yashin yana yankar rufin nan. Baƙar mota ce kawai take tona asirin, farar ma haka ake yi mata. Omo kuma yana wanke duk wani waks da ke kare fentin.

Ga yadda muke yi. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa ta. Bokiti biyu, ɗaya na shamfun mota, ɗaya ruwa zalla na ɗauraye tawul, don yashin da ka kwaso kada ya koma jikin mota. Tawul ɗin ya zama maikurofaiba, wato mai laushin nan na goge mota, in ya faɗi ƙasa a ajiye shi a ɗauki wani. Tayoyi da nasu soson daban. Zanen da ya riga ya shiga kuwa sai an bi shi da injin folish, kuma a samu mai hannu, don mai gaggawa zai iya cinye rufin a bakin ƙofa ko gefen bonet. Bayan nan ne za a sa waks, ko seramik in aljihu ya yarda.

Ɗan Sakkwato, Ajah:
Malam ya gama magana. Ni dai ƙari na shi ne ruwa. Ruwan bohol na wajenmu yana barin fararen ɗigo in ya bushe a jikin mota, don haka a inuwa nake wankewa in tsane nan take. Kuma duk wanda ya ratsa ambaliyar titin Lekki da damina, ya sa a watsa wa ƙarƙashin mota ruwa mai ƙarfi. Iskar teku da laka suna kawo tsatsa inda ido ba ya gani.

Baban Ummi, Agege:
Allah Ya saka da alheri. To ƙurar safe fa, in bar ta haka in fita?

Mai Wankin Mota, Idi-Araba:
Ka bar ta, Alhaji, ko a watsa ruwa kawai. Gilashi kaɗai yaron zai goge, shi ma da jiƙaƙƙen tawul.