Sabon murhun laka na yi mini hayaƙi, wuta ba ta kamawa

Mai tambaya, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum. An gina mini murhun laka mai baki ɗaya, irin mai tsimin icce, yau kwana 10. Kullum sai na sha fama kafin wuta ta kama, hayaƙi ya cika madafi, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, ga gefen murhun ya fara tsagewa. Don Allah a taimaka da shawara.

Wata uwa daga Kazaure:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi saurin hura masa wuta. Murhun laka sai ya yi sati biyu zuwa uku a inuwa kafin ya bushe har ciki, da damina ma ya fi haka. Danshin da ke cikin lakar shi ke shanye zafin wutar, shi ne kuma ke tsaga shi. Ki kwaɓa laka da toka da ɗan ƙaiƙayi, ki jiƙa tsagar tukuna sannan ki liƙe, ki bar shi ya huta sati guda. In kin dawo masa, ki fara da ƙaramar wuta kwana biyu.

Wani ɗan'uwa daga Dambatta:
Ƙanwata, duba yadda kike jera iccen. Da farko ki kwashe tokar jiya, don ita ke toshe hanyar iska. Ki gindaya icce ɗaya a ƙofar murhun, sauran su hau kansa, iska ta riƙa shiga ta ƙasa. A ciki ki sa busasshiyar ciyawa cikin hannu ɗaya, a kanta fasasshen karan dawa, sannan ƙirare masu kaurin yatsa. Ki kunna ashana daga ƙasa, ki fifita a hankali, kada ki ɗora tukunya sai harshen wuta ya miƙe. Daga nan faskare biyu ko uku sun isa, bakinsu kawai ke ci, kina izawa kaɗan-kaɗan. Cusa icce da yawa shi ne babban kuskuren da ake yi: wuta ta shaƙe, sai hayaƙi.

Mai tambaya:
Yaya, to baƙin tukunyar fa?

Ɗan'uwan Dambatta:
Wataƙila tukunyar ta zauna daram ta rufe bakin. Ana so a bar tazarar yatsa ɗaya kewaye da ita, hayaƙi ya samu mafita. Ki liƙa 'yan dunƙulen laka uku a bakin ta zauna a kansu.

Wata 'yar'uwa daga Gumel:
Iccen ma a duba. Marke da ƙirya suna daɗewa suna ci, garwashinsu na da ƙarfi. Darbejiya ma ba laifi in ta bushe sosai. Iccen da kika ji yana tsuwa, bakinsa na kumfa, ɗanye ne. Ki faskara shi ki jingine gefen murhu ya sha ɗumi kafin gobe. Kuma don Allah kada ki yi tunanin leda ko fetur wajen hura wuta, hayaƙin leda guba ne ga ƙirji, balle da goyo a baya. In kin gama girki, ki zare ragowar iccen ki tusa bakinsa cikin yashi, garwashin kuma ki rufe da toka, ki same shi da rai lokacin tuwon dare.