Kai yara su ji kiɗan fada ranar hawa: ina za a tsaya, me za a riƙe?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Yara uku ne, mai shekara 9, mai 6, sai autansu mai shekara 2 da rabi. So nake idan Allah Ya kai mu sallah su ji kakaki da algaita da kunnensu, ba a waya ba. A Kano muke. Wane hawa ya fi dacewa da yara, a ina ake tsayawa, me ake riƙewa?

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Da farko a tabbatar za a yi hawan, don a 2024 da 2025 an dakatar da shi a Kano saboda dalilan tsaro. A saurari sanarwa a rediyo kafin a ɗora wa yara rai. Idan za a yi, Hawan Daushe ne ya fi cika da makaɗa. Washegarin sallah ne da yamma, Sarki ya je Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, ya dawo ta Ƙofar Kudu ta fada, a nan ake jahi, wato mahaya su sukwano su yi wa Sarki jinjina. Amma in don kiɗa ne, kada ki nufi filin Ƙofar Kudu da yara. Ki samu bakin hanyar da tawaga ke bi. Hakimai ne ke fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da makaɗansa, a nan yaro zai ji kowane kiɗa daban, kafin su haɗu a fili su cakuɗe.

Malam Habu mai tarihi: Haka ne Kawu. Hajiya, ki koya musu abin da za su nema tun daga gida, sai kallon ya zauna musu. Kakaki shi ne dogon nan na ƙarfe, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, na sarki ne, kuma tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ake danganta shigowarsa Kano. Ki ce su saurara, za su ji kamar yana cewa “ga shi, ga shi”. Mai algaita kuwa su kalli kumatunsa. A kumbure suke ba sa saɓewa, domin yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, shi ya sa busar ba ta yankewa. Mai kalangu su kalli hammatarsa: in ya matse tsarkiyar murya ta yi sama, in ya saki ta sauka, da haka gangar ke kiran sunan mutum. Akwai kuge na ƙarfe da ake bugawa da ƙaho, akwai kotso, akwai tambura. Mai shekara 9 zai iya ƙirga iri nawa ya gani. A ƙarshen 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ake kiyayewa, to bai kamata ɗan gari ya san shi a bidiyo kawai ba.

Anti Nas: Maman Ikram, ni maganata a kan autan ce: a bar shi gida. Ba don komai ba sai kunnensa. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma ƙarar da ta kai desibel 85 babba ma awa 8 ne iyakarsa. Duk ƙarin 3 lokacin rabewa yake biyu, shi ya sa a desibel 100 minti 15 ne kacal. Bindiga a kusa kan haura 140, kuma harbi ɗaya ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ramin kunnen yaro ƙarami ne, ƙara ta fi yi masa ƙarfi, ga shi ba zai iya cewa kunnena na ƙugi ba, kuka kawai za ki gani.

Baban Hanif: Anti, in an cusa masa auduga fa? Haka aka saba yi.

Anti Nas: Auduga iska ce ta fi yawa a cikinta Baban Hanif, kaɗan ƙwarai take ragewa, ga ta da maƙalewa a ciki. Abin da ke aiki shi ne mai rufe kunne gaba ɗaya, mai kama da hedifon, irin na masu aiki kusa da inji, akwai na yara. A duba kwalinsa, lambar rage ƙara ta kai 20 zuwa sama. Ya zauna daram, kada hula ko ɗankwali ya shiga tsakaninsa da fata, in akwai kafa aikin banza ne. Na soso da ake murzawa a cusa ya yi wa mai 9, amma ban da ɗan shekara 2, zai cire ya kai baki. Mafi arha kuma shi ne nisa. Duk sanda kika ninka tazararki da inda ƙarar ke fitowa, tana sauka da kusan desibel 6. Ga gwaji: idan sai kin ɗaga murya sannan wanda ke tazarar tsawon hannu da ke ya ji, wurin ya yi wa yaro ƙara, ku matsa.

Kawu Sale: 'Yan bindiga da tawagar Sarki suke. Da kin ji harbi ya fara matsowa, to Sarki ya kusa, nan ne kuma jama'a ke turowa gaba. Lokacin ja da baya ke nan, ba na kutsawa ba.

Sarkin Zagin unguwa: Ranki ya daɗe, ga na doki. Kada yaro ya tsaya a bayansa ko da an ɗaure shi, harbinsa na kaiwa nesa fiye da yadda ake zato. Kada ku tsaya a kwana, nan doki ke zamewa a kwalta. Kada a yi sahun farko, sahu na uku ko kan dakali ya fi. Dokin da ya kwantar da kunne baya yana watsa jela ya gaji da hayaniya, a ba shi wuri. Balan-balan da usur da ake sayar wa yara su ma suna firgita shi, a bari sai an tashi. In kina da 'yan uwa masu bene a kan hanyar, ki roƙi wuri tun kafin sallah, ya fi ko'ina. Sai dai a duba katangar benen, ta kai ƙirjin yaro, kuma kada a ɗora shi a kanta.

Hajiya Goggo: 'Yata, ɓatan yaro ya fi komai yawa a ranar nan, kuma kayan sallar ne ke jawowa. An yi wa yaran gida anko, rabin unguwa ma yadin suka ɗinka, kin waiga kin ga yara goma iri ɗaya. Ki sa wa kowa hula ko ɗankwali mai launin da ya fita daban. Kafin ku fita ki ɗauke su hoto da kayan jikinsu. Ki rubuta lambar waya biyu da sunan unguwa a takarda, ki naɗe a leda, ki maƙale da fil ta cikin riga, ba aljihu ba. Sannan ki tambayi mai 6 ɗin nan sunanki da na babansa. Da yawa Umma da Abba kawai suka sani, mai cigiya kuwa ba abin da zai yi da wannan. Ki ce masa in bai gan ki ba ya tsaya cak inda yake, ya nemi ɗan sanda ko dogari mai ja da kore, ko mace mai goyo. Babba ɗaya yaro ɗaya, a riƙe a tsintsiyar hannu, don tafin hannu da gumi zamewa yake.

Baban Hanif: A ƙara da wurin haɗuwa tsakanin manya, wanda ba ya motsi, kamar ƙofar wani masallaci. Sabis ɗaukewa yake idan mutane suka cika, saƙon tes ya fi kira shiga. Wayar kuma ta zauna a ciki, ɗaga ta sama ana bidiyo shi ke kiran masu ƙwace.

Maman Ikram: Allah Ya saka da alheri. Na haƙura da autan, zai zauna wajen kakarsa. Ruwa da abinci fa? Ko a saya a can?

Anti Nas: Ki tafi da naki. Shekarun nan sallolin cikin zafi suke faɗowa, rana kan kusanci digiri 40. Kowane yaro lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, in za ku yi awa uku. Ki daskarar da gora ɗaya tun dare, ta narke a hanya. Kada ki jira su ce ƙishirwa, duk minti 20 a kurɓa. Ki sa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kada a ƙara gishirin. Alamar da za ki kula da ita: leɓe ya bushe, yaro ya yi laushi, ya daɗe bai nemi fitsari ba. In ya fara amai ko surutai jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire manyan kaya, a jiƙa shi ana fifita, a wuce asibiti. Farasitamol ba ya sauke zafin rana. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, ƙurar kofato da hayaƙin albarushi suna tayar da ita.

Hajiya Goggo: Su ci su ƙoshi a gida. Na jaka ya zama busasshe: dabino, cincin, ƙuli-ƙuli, lemon ɓawo. Kunun aya da fura da nono ba sa jure rana, shinkafa da miya a kula ma haka. Takalmin sallah sabo kuma a bar shi, kafin awa ɗaya ya tayar da bororo a dunduniya. Silifas fita yake, yaro ya sunkuya ɗauka cikin turereniya, nan ake taka shi. Tsohon kambas mai igiya, shi ne. Ki gaya musu in abu ya faɗi ya faɗi ke nan. Kowa ya zaga bayi kafin a fita, can ba za ki samu ba.

Baban Hanif: In turereniya ta taso a saɓa yaro a wuya, ko ba haka ba?

Sarkin Zagin unguwa: A wuya don kallo ne, sanda wuri ke kwance. In an fara turi, a sauke shi a rungume a ƙirji, don in ka yi tuntuɓe daga sama zai faɗo. Kada ka yi gaba da gaba da jama'a, ka bi su kana karkatawa gefe har ka samu lungu. Jikin katanga da bakin kwata a guje su.

Malam Habu mai tarihi: Idan Daushe ya yi miki nauyi, Hawan Nassarawa da safe ne a rana ta uku, hanyarsa doguwa ce kuma titunan sun fi faɗi, ana samun sarari. Masu dangi a Katsina, Zariya, Daura ko Damagaram, can ma ana hawa da makaɗan fada. Wuraren wasan sallah da ake kafa lasifika kuwa, dokar Anti Nas ce: kada a zaunar da yara gaban akwatin, a koma baya ta gefe.

Kawu Sale: Ana rufe hanyoyin da ke kewaye da fada, mota ko adaidaita sahu nesa za su ajiye ku, ki lissafa tafiyar ƙafa ta minti 15 zuwa 20 da ƙafar mai shekara 6. In Daushe za ku, ku yi Azahar ku ɗan huta, ku isa kafin La'asar ku kama inuwa ta ɓangaren yamma da titi, rana ta zama a bayanku. Ki yi magana da mai adaidaitar da zai dawo da ku tun da wuri, ku ajiye wuri da lokaci. Ku juyo da sauran haske, kafin a kira Magariba, don da an watse kowa hanya ɗaya yake nema, dawakai ma a lokacin ake komawa da su gida.

Maman Ikram: Na rubuta duka. Anti Nas, abin kunnen nan, na mai 9 zai yi wa mai 6 ko kowa da girmansa?

Anti Nas: Yawanci maɗaurinsa na ja da saki, girma ɗaya zai yi wa kowannensu. Ki gwada a gida: ki sa masa, ki tafa a bayansa, ki ga ko ya zabura. Ya kuma saba da shi kwana biyu kafin ranar, in ba haka ba a can zai fizge ya ce yana matse shi.