Neman shawara kan mayar da ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa ya zama irin na Najeriya

Ɗan Sabongari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa irin mai aiki da tururi, ƙirar Amurka, mai tsarin ƙafafu 2-8-2 (ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya), a ma'aunin HO, wato ɗaya bisa 87, kuma injin lantarkin da ke cikinsa, wato motarsa, yana aiki lafiya. Burina shi ne in sake masa fasali ya koma kamar kawunan jiragen da ake kira ajin River, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙera wa Najeriya a 1948, aka raɗa musu sunayen koguna. Shin sauya bututun hayaƙi da fitila da fenti zai wadatar, ko sai na rushe jikin baki ɗaya? Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su ba ni haske.

Malam Mai Awo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa fenti, sai ka warware batun ma'auni, domin a nan ne aikin zai gyaru ko ya lalace. Tsohon layin dogo na Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Layin HO kuwa faɗinsa milimita 16.5 ne, kuma yana wakiltar babban layi mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Idan ka raba 1,067 da 87 za ka sami kusan milimita 12, saboda haka jirginka a yadda yake ya fi ƙarfin layinmu, kuma duk wanda ya san jiragen zai ga ƙafafun sun buɗe fiye da kima.

Mafitar da na fi so ita ce wadda masu wannan sana'a a New Zealand suka daɗe suna bi, tun da layinsu faɗinsa ɗaya da namu: ka bar ƙafafun da motar yadda suke, ka gina sabon jiki a ma'aunin ɗaya bisa 64, domin a wannan ma'auni milimita 16.5 ta yi daidai da layinmu in ban da ɗan bambancin da ido ba ya gani. Akwai kuma wata sa'a da ka taka. Manyan ƙafafun jiragen Amurka masu wannan tsari sukan kai inci 63, abin da ke ba da milimita 18 da ɗoriya a HO, su kuwa na ajin River ƙafa huɗu ne, wato milimita 19 a ɗaya bisa 64. Ka auna naka ka gani. Idan sun yi kusa da haka, to ka cire jikin, ka yanka ɗakin direba da taragon kwal daga fallen roba mai kaurin milimita ɗaya, tukunyar kuma, wato doguwar gangar da ake dafa ruwa a cikinta, ka nemi bututun roba da ya dace da faɗinta. Ƙarafan da ma'aikata ke dafawa a gefen tukunya ka yi su da wayar tagulla mai rabin milimita, ba irin waɗanda ake zubawa haɗe da roba ba, domin su ne ke fara tona asirin samfuri.

Baba na Loko ya amsa:

Yaro, Allah ya yi wa aikin albarka. Mahaifina ya yi aiki a loko, wato wurin ajiye kawunan jirage da gyaransu, a Zariya, kuma abin da nake so ka kula da shi shi ne dattin jirgin yana da tsari. Baƙin hayaƙi yana sauka ne a saman tukunya da rufin ɗakin direba, toka tana taruwa a ƙarƙashin murhu, farin zane na ruwa yana gangarowa daga wuraren da tururi ke tsiyaya, jar ƙasa kuma tana kama ƙafafu da ƙasan tarago. Sandunan da ke juya ƙafafun kullum suna sheƙin mai. Kada ka lulluɓe shi da tsatsa kamar wanda aka yasar, domin direbobi da masu zuba kwal suna goge jiragensu, suna alfahari da su. A taragon ka daka kwal na gaske ka manna, kamar yadda na Inugu ke cika shi a da.

Hajiya Mai Zane ta amsa:

Ƙari kaɗan kan fenti. Ka guji fentin mota na gwangwani da ruwan da ake tsinka shi da shi, domin suna cin roba. Ka wanke jikin da sabulu, ka shafa fentin share fage siriri, sannan ka bi da fentin akirilik shafi biyu ko uku marasa kauri. Ƙurar da Baba ya ambata garin allin zane mai launi ne ke fitar da ita, a shafa da busasshen buroshi, a rufe da banish marar sheƙi. Ka kare saman ƙafafun da tef, domin ta nan wutar lantarki ke shiga.

Ɗan Sabongari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna ƙafafun, sun ɗan haura milimita 18, don haka zan bi ma'aunin ɗaya bisa 64. Baba, idan akwai tsohon hoton da ke nuna jirgin daga gefe, ina roƙon a ɗora shi a nan, domin in fitar da tsawon ɗakin direba da wurin da allon suna yake kafin in fara yanka.