Shin ɗaga ƙarfe yana ɓata mai gudun nesa?

Mai buɗe muhawara, daga Yantala:
Assalamu alaikum. Na yi gudun kilomita 21 a ƙarshen hunturu, kuma ba ni da niyyar shiga wata gasa sai bayan damina. Tun da zafin Afrilu ya sauka a Yamai, rana tana wuce maki 40, na rage fita bakin kogi, na fara shiga ɗakin motsa jiki sau biyu a mako. Jiya da asuba a filin wasa na Seyni Kountché, wani dattijo da muke gudu tare ya ce in bar ƙarfe, domin yana ɗaure jiki, yana ƙara nauyi, kuma babu abin da ke gyara mai gudu sai gudu. Na roƙe shi ya kawo hujjarsa a gaban jama'a.

Dattijon, ɗan asalin Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina nan a kan bakana. Na taso a Tawa, inda aka fara gasar kokowa ta cin takobi a 1975, don haka na san jikin da ƙarfi ke ginawa. Ɗan kokowa yana son kauri da faɗin ƙirji saboda ya kafe a ƙasa a kasa ɗaga shi, amma kai duk kilo ɗin da ka ƙara, ƙafarka ce za ta yi dakonsa tun daga farkon hanya har ƙarshenta. Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 babu ko takalmi a ƙafarsa, kuma duk wanda ya kalli ƴan Habasha da Kenya ya san siraran mutane ne.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi, daga Lazaret:
Baba, da girmamawa, ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Tsoka ba ta kumbura don mutum ya taɓa ƙarfe sau biyu a mako. Tana bukatar ɗagawa mai yawa, ta watanni, da abinci fiye da abin da jiki ke ƙonawa, kuma wanda ke gudu kwana uku ko huɗu a mako da wuya ya tara wannan rarar. Abin da yake samu shi ne ƙarfi, ba kauri ba. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafa ɗaya ce ke karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinsa, kuma ana maimaita wannan dubban sau a gasa guda. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da horo, amma jijiya da ƙashi suna jinkiri, shi ya sa mutum kan ji numfashinsa ya isa alhali agararsa ko gwiwarsa ta fara kuka. Waɗanda ke zuwa wurina da ciwon gwiwa, sau da yawa idan na duba sai in tarar raunin yana ƙugu da ɗuwawu, gwiwa kuwa ita ce ke biyan bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorarta ta 2020, ta shawarci kowane baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako, ban da motsa jikin da ke sa haki.

Wani ɗalibi, daga Harobanda:
Yaya, idan haka ne, ni ina ganin a wannan zafi gara mutum ya bar titi baki ɗaya, ya zauna kan keken ɗaki da ƙarfe har ruwa ya sauka. Zuciya ba ta san bambancin keke da gudu ba.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Ƙanena, zuciya ba ta sani ba, amma ƙafa ta sani. Keke da ninƙaya suna riƙe maka numfashi, kuma suna da amfani ƙwarai a makon farko bayan gasa, lokacin da cinya ke bukatar hutu daga dukan ƙasa. Sai dai wanda ya yi wata uku bai taka ƙasa da gudu ba, ranar da ya koma zai tarar ƙwauri da sharaɓa sun manta aikin, kuma a nan ake jin rauni. A riƙa yin gudu biyu ko uku na asuba a mako, ko da gajeru ne.

Dattijon:
A wannan gaɓar ina tare da ke, ɗiyata. Kuma na karɓi maganar ƙugu, domin ni kaina gwiwar hagu ta daɗe tana damuna a gangaren Gadar Kennedy. Amma abin da nake gani da idona shi ne, yaro ya shiga ɗakin nan, ya ga masu gina ƙirji a gaban madubi, sai ya bi sahunsu, washegari ya zo fili ƙafa a sandare, ya kasa gudun da ya fito dominsa. Wannan shi nake kira ɗaurewa, kuma ban ƙirƙiro shi ba.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Gaskiya ne, Baba, tsamin jiki yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da jiki bai saba ba. Maganinsa tsari ne: tsuguno da nauyi, taku mai faɗi a durƙusa, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗaga diddige, da riƙe ciki, a fara da sauƙi, kada a sa su a jajibirin dogon gudu, kuma a sassauta idan gasa ta rage mako biyu.

Mai buɗe muhawara:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. Dogon guduna ranar Lahadi ne, don haka zan mayar da ƙarfe Talata da Alhamis. Baba, ina roƙon ka riƙa duba takuna a fili har ƙarshen Mayu, idan ka ga ƙafar ta yi nauyi ka faɗa mini.

Dattijon:
Zan duba, ɗana, amma Alhamis ta yi kusa da Lahadi a ganina. Ɗiyata, me kika ce game da Litinin da Laraba?