Wane shiri mai dogon zango za mu kalla da Hajiya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hajiyarmu ta zo za ta kwana biyu a wurinmu, kuma tana son kallo bayan isha'i. Don Allah a ba ni shawarar shiri mai dogon zango wanda za mu zauna da ita da yara mu kalla hankali kwance. Ban da irin wanda za a shafe wata uku ana maimaita magana ɗaya.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam. Anti, Gidan Badamasi za ki sa mata. Attajirin tsoho a keken guragu, 'ya'ya reras kowa ido na kan gado. Za ta yi dariya, kuma za ta ce ta san gida irin wannan.

Kawu na Zariya: Na goyi bayan Ɗan Fagge. Mai ba da umarnin shirin, Falalu Ɗorayi, ya san aikinsa, kuma barkwancin daga halayen mutanen yake fitowa, ba ihu da faɗuwa ƙasa ba. Amma in tambayata aka yi, 'yata, ki fara da Daɗin Kowa na Arewa24, musamman na farko-farko. Gari ne aka ƙirƙira, amma duk wanda ya taɓa zama a unguwar talakawa zai ga maƙwabtansa a ciki. Ga gidan Malam Nata'ala da almajiransa, ga Kamaye da Adama da rigimar cefane, ga matasa 'yan shaye-shaye, ga waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, ga Musulmi da Kirista a layi ɗaya suna gaisawa. Ba a tsayawa a yi maka wa'azi, nuna maka ake yi ka yanke hukunci da kanka. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ya ci kyautar AMVCA, gasar finafinan Afirka ta tashar Africa Magic, a 2016. Kayan jikinsu ma na mutanen gaske ne, ba mace ta tashi daga barci da kwalliyar biki ba.

Maman Ɗalibai: Kawu, gaskiya ne, amma shi ma ya yi tsawo. Ni Labarina nake so.

Ɗan Fagge: Wanne daga ciki, na Sumayya ko na Mainasara?

Maman Ɗalibai: Duka biyun. Hoto da sauti dai ban ga wanda ya kamo mai ba da umarninsa Aminu Saira ba. Ga Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, mutum ya ji haushinsa kuma ya ƙagu ya sake fitowa.

Kawu na Zariya: Ba na ja da ke a kan aikin kyamara. Inda nake da magana shi ne labarin Sumayya ya kai inda ya kamata a naɗe tabarma, amma aka ci gaba da ja. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa, ita ma gwana ce, sai dai mai kallo ya riga ya saba da fuska ɗaya, zuciya ba ta karɓi canjin nan take ba. Kuma wannan ciwo ba na shiri ɗaya ba ne. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu aka koma YouTube, kuɗin furodusa ya rataya a kan yawan masu kallo da talla. Duk mako dole a fitar da wani abu. To daga nan ake samun waiwaye na minti goma, mota ta shigo get a hankali, a yi gaisuwa tun daga lafiyar gida har ta dabbobi, kashin ya ƙare ba a matsa ko taku ɗaya ba. Ni a ganina marubuci ya san ƙarshen labarinsa kafin a kunna kyamara. Abin yana ci mini rai ne domin muna da jarumai masu hazaƙa, rubutun ne ake yi wa riƙon sakainar kashi.

'Yar Damagaram: Kawu, Allah ya saka da alheri. Data ba kyauta muke samu ba. Ni kuma kukana a kan Turanci ne. Mu nan Nijar muna bin finafinan Kano sosai, amma da an shiga ofis ko gidan masu kuɗi sai rabin zancen ya koma Turanci. Innata takan juyo ta tambaye ni me aka ce, ni kuma Faransanci na yi a makaranta. Shirin Hausa ne, a yi mana Hausa.

Ɗan Fagge: Wannan ƙorafi naki a kan hanya yake, 'yar'uwa. Hajiyar Anti ma zai iya damunta.

Uwar Biyu: Zai dame ta ƙwarai. Izzar So fa? Yara suna ta ambatonsa.

Maman Ɗalibai: Ba abin kunya a ciki, za ki iya kallo da kowa. Lawan Ahmad ne Umar Hashim, mai gaskiya da haƙuri, Aisha Najamu kuma Nafisa mai izza. Yana tashar Bakori TV. Farkonsa ya yi armashi matuƙa, lokacin marigayi Nura Mustapha Waye yana ba da umarni, Allah ya jiƙansa. Aibinsa a wurina shi ne an sa Umar ya cika nagarta har ba ya kuskure, ɗan Adam kuwa tara yake bai cika goma ba.

Kawu na Zariya: Amin. Ga maigidanki kuma, in mai bin siyasa ne, Kwana Casa'in. Yadda aka nuna Alfawa, da asibitin gwamnati, da 'yan jarida tsakanin gaskiya da abin sawa a baka, da Sani Mu'azu a rigar Bawa Maikada, an taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Amma ba na ƙananan yara ba ne, akwai makirci da zubar da jini.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau za mu fara da Gidan Badamasi, in ta saba sai mu koma Daɗin Kowa tun daga farko. Kawu, yanzu take tambayata ko ana samun Samanja, wai shi suke kallo a NTA Kaduna tun tana amarya.

Kawu na Zariya: Allah sarki, Usman Baba Pategi, mazan fama! Ki rubuta Samanja a YouTube, za ki ga guntaye da mutane suka ɗora. Hoton ya tsufa, sai ki ƙara mata sauti. A gaishe mini da Hajiya.