Ina Ake Samun Zane Na Gaske? Daga Hirar Zauren Masu Son Zane a Zazzau

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama gyaran falo, bango ya yi fari fes, babu komai a jikinsa. Maigida ya ce kada in sake rataya masa hoton nan na kasuwa mai ruwa yana gangarowa daga dutse, wanda ke gidan kowa. Zanen hannu nake so, ko hoton da wani ya ɗauka da basirarsa. Wata ƙawata ta ce sai na je Legas. Haka ne?

Malam Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kina Tudun Wada, Samaru na kusa da ke, a ce sai Legas? Da yawa cikin manyan da Legas ke alfahari da su nan suka koyi riƙe buroshi. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo. Hujjarsu ita ce ba za su kwashi koyarwar Bature kaɗai ba, sai sun gauraya ta da fasahar gida. Har yau ana kiransu 'yan tawayen Zariya. Sashen zane da suka yi karatu yana nan yana yaye ɗalibai duk shekara.

Sadiya: Gaskiya ne Baba. Ni a sashen nake. Anti Rabi, lokacin da ya fi shi ne ƙarshen zangon karatu, sa'ad da 'yan ajin ƙarshe ke baje aikinsu don malamai su duba. Za ki ga fentin mai, fentin ruwa, zanen gawayi, har da na ɓangaren zanen littattafai da tallace-tallace. Yawancinsu za su sayar, don ba mai son ɗaukar katon allo a motar haya zuwa garinsu. Sai dai ki bari a gama ba su maki tukuna, kafin nan ba a taɓa aikin.

Alhaji Tanimu: Ni da na fara tara zane haka na fara, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma Malam kada mu hana Hajiya ganin duniya. Ido sai ya ga da yawa yake sanin mai kyau. In kin shiga Abuja ki leƙa gidan baje kolin zane na Thought Pyramid a Wuse 2, shiga ki zagaya ko ba ki sayi komai ba. A Legas kuwa gidan baje kolin zane na Nike da ke Lekki, hawa-hawa ne cike da zane har sai ƙafarki ta gaji. Sannan bikin baje kolin zane na ART X Lagos da aka fara a 2016, wajen watan Nuwamba ake yi. Can dai kallo nake zuwa, farashin ba na aljihuna ba ne.

Hajiya Rabi: Alhaji in kai ka ce ba na aljihunka ba ne, mu sai mu ce me?

Alhaji Tanimu: Ai Hajiya abin ya wuce wasa. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka daɗe ana nema har aka gano shi a wani gida a Landan, da aka yi gwanjonsa a 2018 fam miliyan 1.2 aka saya. Zane guda ɗaya tak.

Abba Mai Kyamara: Ina neman afuwa iyayena, duk kun tafi kan fenti kun bar mu masu hoto. Mama, in bangon babba ne, hoto baƙi da fari yana yi masa kyau ƙwarai. Ki duba aikin J. D. 'Okhai Ojeikere a intanet, mutumin da ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson matan Najeriya, ya rasu a 2014. Ki duba na Malick Sidibé da Seydou Keïta na Bamako. A nan Arewa akwai Fati Abubakar 'yar Maiduguri, wadda ta ɗauki rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno lokacin da duniya ba ta jin komai game da su sai bam. Ba cewa nake ki sayi nasu ba, ki dai gani ki san abin da ake kira hoto. Akwai kuma bikin LagosPhoto da aka fara tun 2010.

Malam Garba: Abba faɗa mata maganar lamba, don nan ake cutar mutane.

Abba Mai Kyamara: To Baba. Hoto ba kamar zane ba ne, ana iya wanke guda dubu daga abu ɗaya. Shi ya sa mai ɗaukar hoto na kirki yake ƙayyade adadi. In kin ga an rubuta 3/10 a ƙasa ko a baya, ma'ana goma kaɗai zai fitar a wannan girman, naki shi ne na uku. Ki tabbata ya sa hannu, ki kuma tambayi irin takarda da tawadar da aka yi amfani da su. Wankin gaggawa na shagon hoton fasfo ba a daɗewa yake komawa ruwan ƙasa.

Anti Maimuna: Bari in sa baki, ni abin ya taɓa ci na. Shekarun baya na sayi wani zanen mahaya dawaki a wani shago a Abuja, aka rantse mini aikin hannu ne. Sai da wani ɗan'uwan maigida da ya san harkar ya zo ya haska shi da fitilar waya daga gefe, ya ce bugun inji ne a kan yadi, an ɗan shafa fenti a sama don ya yi tudu-tudu. Na koma, suka ce ai ba su ba ni takarda ba. Kuma gaskiyarsu, ban nema ba.

Sadiya: Ayya Anti. Shi ya sa ko a wajen ɗalibi kika saya, ki sa ya rubuta miki sunansa, sunan aikin, shekara, girmansa da kayan da ya yi amfani da su, ya sa hannu. Ki ɗauki hotonsa riƙe da zanen. Ba ki san wanda zai zama wani abu nan da shekara ashirin ba.

Hajiya Rabi: Na gode. Amma ga wani hanzari. Maigida ba ya son hoton mai rai a falo, a nan yake nafila wani lokaci.

Malam Garba: Hukuncin wannan a bar wa malamai, zauren nan ba na fatawa ba ne. Sai dai zaɓi yana da yawa. Akwai masu rubutun Larabci da zayyana, akwai masu zana ƙofofin gari da soraye, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, lungunan cikin birni da zankwaye. Akwai masu ɗauko adon bangon gidajen da, dagi da sauransu, su mayar kan yadi. Ni abin da na fi so a ɗakina zanen cikin tsohon Masallacin Juma'a ne, bakan gizon nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Wani yaro ne ya zana da gawayi. Akwai kuma zanen da launi ne zalla ba siffar komai. Marigayi Gani Odutokun, da ya koyar a sashen, yakan kwarara fenti ya bar shi ya bi hanyarsa a kan yadi. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995 a hanyar dawowa daga Legas. Farfesa Jerry Buhari ma a nan ya yi suna.

Alhaji Tanimu: Irin wannan na launi zalla, ranar da na kawo ɗaya gida uwargida cewa ta yi yara ne suka zubar da fenti?

Anti Maimuna: Ai da gaskiyarta Alhaji.

Abba Mai Kyamara: Ni kuma in ana son gini ba mutum, ina da hotunan ganuwa da marinar cikin gari da na ɗauka da sassafe lokacin hazo. Ba talla nake ba.

Sadiya: Talla kake Yaya Abba.

Malam Garba: A bar shi ya ci abinci. Hajiya, saura kula da abin bayan an saya, don yanayin garin nan ba ya raga wa zane. Kada ki rataya inda rana ke bugawa ta taga, fentin ruwa da hoto su suka fi saurin koɗewa. Da damina ki riƙa duba bayan firam, in bangon na tsotsar danshi fumfuna za ta kama takardar, gara kuma ta bi katakon. Da hunturu ƙura ce, sai a kaɗe da buroshi mai laushi, ba a goge fentin mai da jiƙaƙƙen tsumma.

Abba Mai Kyamara: Kuma ki ja kunnen mai firam. Wani ya taɓa shafa wa hotona gam ya manna shi da katako, ya danne da gilashi. Ba a haka. Ana sa kwali mai kauri a kewaye don kada gilashi ya taɓa fuskar hoton, in ba haka ba danshi na shiga su manne, wajen cirewa ya ɗaye.

Hajiya Rabi: Kai, ashe abin karatu ne guda. Ciniki fa? Ana tayawa ko abin kunya ne?

Alhaji Tanimu: A gidajen baje koli ana ɗan ragewa, amma ba kamar Kasuwar Sabon Gari ba, don su ma suna da kasonsu a cikin kuɗin. Wajen ɗalibi kuwa ni ba na matsawa. Ki lissafa kuɗin fenti da yadi da katako a yanzu, ki ga abin da ya rage masa.

Sadiya: Allah ya saka da alheri Alhaji, a faɗa musu dai. Anti Rabi, in lokacin ya matso zan sanar a nan. Ki zo da awon bangon, tsawo da faɗi, da hoton kujerun a waya don a ga launinsu.

Hajiya Rabi: In sha Allahu. Maimuna ki shirya tare za mu, ki zo da fitilar wayar nan.

Anti Maimuna: Har da ɗan'uwan maigidan zan ɗauko.