Wai maguɗi aka yi wa Cody Rhodes?

Ɗan Birget: Jama'a, ni dai na gama da reslin, kuma da gaske nake. Na hana idona barci tun tsakar dare har gab da asuba don in ga yadda za ta kaya tsakanin Cody Rhodes mai riƙe da kambu da John Cena a WrestleMania 41, babban wasan kamfanin WWE na 2025 a Las Vegas, sai kawai aka tafka maguɗi ƙiri-ƙiri a gaban duniya. Cody ya yi wa Cena Cross Rhodes, salon kayen da yake gama wasa da shi, ya danne shi, rafali ya fara ƙirga, sai ga mawaƙin nan Travis Scott ya jawo rafalin waje. Me ya kawo mawaƙi cikin babban wasan shekara? Daga ƙarshe Cena ya hauri yaron nan a ƙasan mara, ya maka masa bel a ka, shi ke nan wai an ci. The Rock da ya ƙulla rigimar tun farko, wanda ya yi wa Cena alama a Toronto ranar 1 ga Maris ya juya wa Cody baya, ko ƙeyarsa ba a gani ba a Las Vegas. Kusan wata biyu ana ja mana rai, a ƙarshe labarin ba kai ba gindi. Wanda ya ji daɗin wannan abu ya fito ya faɗa mini abin da ya gani.

Injiniya: Maguɗi kuma, ƙanena? Ai ana maguɗi ne a inda ba a san wanda zai ci ba, irin zaɓe ko jarrabawa. Reslin kuwa tun kafin su hau dandamali an riga an tsara wanda zai kwanta da wanda za a ɗaga wa hannu. Kamfanin da kansa ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey a 1989 cewa nishaɗi yake sayarwa, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. To wa aka yi wa maguɗin?

Ɗan Birget: Yaya Injiniya, na san ana tsarawa. Maganata ita ce tsarin bai yi ba.

Injiniya: A'a, maguɗi ka ce. Ga shi nan a rubuce.

Sojan Cena: Barshi, Injiniya, zafin kaye ne. Sau 17 ke nan Cena yana ɗaukar kambun duniya, ya wuce Ric Flair mai 16. Mai jin haushi ya sha ruwan sanyi.

Malam Tela: Ni ina bayan Ɗan Birget. An janye rafali yana tsakiyar ƙirga, an doki mutum a wurin da doka ta hana, an buga masa ƙarfe a ka. In wannan bai zama maguɗi ba, ku ba shi suna.

Injiniya: Sunansa labari, Malam. Shi kansa rafalin ya san za a janye shi.

Malam Tela: To a cikin labarin maguɗi ne.

Injiniya: Da ya ce a cikin labari da ban tanka ba.

Autan Hajiya: Tsaya, tsaya. Kuna nufin duk bogi ne? To me ya sa manya da gemunsu suke kwana a kan bogi?

Maman Hanif: Auta, ka iya bakinka. Sanin wanda zai ci daban, bogi daban. A watan Yunin 2022 Cody ɗin nan ya shiga keji da Seth Rollins tsokar ƙirjinsa a yage. Da ya cire riga, tun daga ƙirji har damtse jini ya kwanta, wurin ya yi baƙi ƙirin, filin ya yi tsit. Haka ya yi wasan har ƙarshe, bayan nan aka yi masa tiyata ya shafe watanni ba ya wasa. A 1998 Undertaker ya jeho Mick Foley daga saman keji ya faɗa kan teburin masu sharhi. A 1999 Owen Hart ya faɗo daga sama a Kansas City ya mutu, mutuwa ta gaske, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Ka je ka ce wa iyalansa bogi ne.

Autan Hajiya: Anti, Allah ya ba ki haƙuri, tambaya na yi.

Maman Hanif: Tambayar raini ce. Mun saba jin ta daga waɗanda ba sa kallo.

Ɗan Damagaram: Hajiya, jin ciwo ba ya mayar da abu gaskiya. Ko a wurin ɗaukar fim ana karyewa. Wanda yake son kokawa ya zo Nijar lokacin gasar takobi ya ga yadda ake yi. Issaka Issaka na Dosso in ya kama mutum babu wanda ya rubuta masa a takarda, ƙarfinsa ne da dabararsa. Gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, babu mawaƙin da zai shigo ya ja alƙali.

Sojan Cena: Wa ya tambaye ka labarin takobi?

Ɗan Damagaram: Ba sai an tambaye ni ba. Kuna da dambe a ƙofar gida, kun bar shi kuna kuka a kan Turawa masu shafa mai.

Ɗan Zango: Ba duka ne Turawa ba, ɗan'uwa. Oba Femi da ya ɗauki kambun NXT, reshen WWE na masu tasowa, a 2025 ɗan Najeriya ne, Omos a Legas aka haife shi, Kofi Kingston kuma namu ne na Ghana, a 2019 ya ɗauki wannan bel ɗin da ake rigima a kai.

Ɗan Damagaram: Su ma rubuta musu aka yi.

Malam Tela: Mu koma kan maganar. Ni har yanzu ina nan kan bakana, maguɗi ne.

Na Roman: Yau kuka san maguɗi? A WrestleMania ta 2024 a Philadelphia, da Jey Uso ya shigo, Cena ya shigo, Seth Rollins ya shigo, fitilu suka ɗauke Undertaker ya bayyana ya ɗaga The Rock ya maka da ƙasa, duk don Cody ya ci, wa ya ce uffan a cikinku? Kwana 1,316 Roman Reigns yana riƙe da kambu, sai da aka yi masa taron dangi sannan aka ƙwace. A lokacin tafi kuke yi, wasu har da hawaye. Yanzu mawaƙi ɗaya tal ya shigo kuna ihu.

Maman Hanif: Ka faɗi gaskiya mana. Wasan bara dokar Bloodline aka sa, kowa na iya shiga, kuma mutanen Roman ne suka fara, Jimmy Uso da Solo Sikoa. A 2023 ma wa ya hana Cody ci? Ba Solo ba ne ya soke shi da babban yatsa a maƙogwaro rafali bai gani ba? Naku gwanin rabin wasanninsa da taimakon 'yan'uwansa ya ci su.

Na Roman: Sarki ai da fadawa yake tafiya.

Sojan Cena: Sarkin da Paul Heyman ya haura a ƙasan mara ranar Asabar, daren farko na WrestleMania ɗin nan, ya bi Seth Rollins? Bafaden nasa ma ya gudu.

Na Roman: Kai kar ka sa mini baki. Shekara nawa kana cika mana kunne da cewa Cena mutumin kirki ne, abin koyin yara, ba ya cuta. Yau ya ci da haurin mara kana murna. Wane irin so ne wannan?

Sojan Cena: So na gaskiya. Sama da shekara ashirin yana yi musu wasa, rabin fili na zaginsa, bai taɓa ramawa ba. Tun Yulin 2024 ya sanar cewa 2025 ce shekararsa ta ƙarshe. In ya ga dama ya rama sau ɗaya kafin ya tafi, ni ina bayansa. Kuma ku saurari filin da kyau, mutanen Las Vegas Cena suke yi wa tafi, Cody suke yi wa ihu.

Ɗan Birget: Don Allah ku dawo kan abin da na faɗa. Ina The Rock? Shi ya ce Cody ya miƙa masa kansa, Cody ya ƙi, aka fasa masa goshi a Toronto. Mutumin da ya fara faɗa ya kamata a gan shi ranar ƙarewa.

Injiniya: Sai ka fara janye kalmar maguɗi tukuna.

Ɗan Birget: Ba zan janye ba.

Injiniya: To ba inda za mu je.

Autan Hajiya: Ni fa na ji an ce The Rock da Triple H, mai tsara wasannin WWE, ba sa ga maciji, shi ya sa bai zo ba.

Maman Hanif: Wa ya faɗa maka?

Autan Hajiya: A TikTok na gani.

Malam Tela: Ni kuma wani abokina ya ce kuɗi ne ba a cika masa ba.

Injiniya: Mutumin da yake cikin hukumar daraktocin TKO, kamfanin da ya mallaki WWE ɗin gaba ɗaya, shi za a ƙi cika wa kuɗi? Malam, abokin nan naka a ina yake aiki?

Malam Tela: Ba ruwanka da inda yake aiki. Kai komai sai ka nuna ka fi kowa boko.

Injiniya: Ban ce na fi kowa ba. Abin da ba hujja ne ba na karɓa.

Malam Tela: Hujjar me ka kawo kai? Shekarar 1989 kana ina? Kana cikin majalisar?

Sojan Cena: Wai ma tsaya. Auta, ka kalli wasan kuwa?

Autan Hajiya: Na ga inda aka buga bel ɗin.

Sojan Cena: Gutsuren minti ɗaya ka gani ka zo kana sa baki cikin manya. Lokacin da Cena ya fito ya tari Kurt Angle a 2002 ko haihuwarka ba a yi ba.

Autan Hajiya: Yaya, shekaru ba su ne kallo ba. Kuma tunda abin ya zama gori, ka biya ni kuɗin datar da na tura maka da azumi.

Sojan Cena: Nan ne wurin wannan maganar? Ka same ni a shago.

Autan Hajiya: Na je shagon ai, aka ce ka fita.

Maman Hanif: Ku kai bashinku can gefe. Abin da yake ba ni haushi da ku, duk surutun nan ba wanda ya ambaci wasan da ya fi kowane kyau a daren. Iyo Sky da Rhea Ripley da Bianca Belair su suka buɗe fili, ba mawaƙi, ba janye rafali, ba tsayawa ana huci. Rhea da Bianca suna ta ƙoƙarin ture Iyo gefe kamar ba ita ke riƙe da bel ba, ita kuma ta bari Bianca ta gama da Rhea, ta diro mata daga saman igiya ta danne. Wannan shi ne wasa. Amma da yake mata ne kun yi shiru.

Na Roman: Hajiya, lokacin ina haɗa shayi.

Maman Hanif: Na sani ai. Kullum lokacin wasan mata ne shayinku yake tashi.

Ɗan Zango: Gaskiyar Hajiya ce, wasan ya yi. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai Jey Uso ne. Gunther da ya riƙe kambun Intercontinental kwana 666, a ce shi ne ya buga hannu ya sallama wa Jey? Wannan ma ai maguɗi ne.

Injiniya: Ga wani kuma.

Ɗan Damagaram: Kun gani ko? Kowa gwaninsa ya faɗi sai ya ce maguɗi. A filin takobi wanda ya faɗi ƙasa ce shaidarsa, tana nan a bayansa.

Malam Tela: Kai kuma ka ishe mu da takobin nan. Can ma ba a rigima da alƙalai?

Ɗan Damagaram: Ka taɓa zuwa?

Malam Tela: Kai ka taɓa zuwa Las Vegas?

Ɗan Birget: Ni na yi shiru. Na kawo magana a kan labarin da aka lalata, kun mayar da ita wani abu daban. Cody ya ƙwace bel ɗin a hannun Cena, yana iya buga masa, ya tsaya yana tausayi, shi ne aka cuce shi. Ubansa Dusty Rhodes har ya mutu bai riƙe wannan kambu ba, shi ya riƙe shekara guda da 'yan kwanaki, a ce ta wannan hanya za a karɓe? Ba wanda ya ba ni amsa.

Sojan Cena: Amsar ita ce 17.

Baba Manaja: To 'ya'yana, ya isa haka. Na bi maganar tun daga farko, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, kalmar maguɗi ba ta zauna ba, Injiniya ya kawo hujja mai ƙarfi har da shekara, kuma ba wanda ya iya ture ta. Na biyu, kusan kowa ya yarda Cena ya cancanci kambunsa na 17, har waɗanda ba sa son sa sun kasa musanta adadin. Ni da na fara haska reslin a gidan kallona tun zamanin kaset, na ga Hogan, na ga Austin, ban ga wanda ya riƙe kamfanin nan tsawon lokaci kamar Cena ba, kuma mutum mai shekara 47 da ya sa 2025 a matsayin shekarar ritayarsa ba za a sallame shi hannu rabbana ba. Cody yaro ne, yana da sauran lokaci, tsayawar da ya yi da bel a hannu ma ta nuna bai gama nuna ba. Maganar The Rock ba ta da muhimmanci, shi ya sa ba wanda ya tsaya a kanta. Na Roman ya yi gaskiya a kan wasan bara, sai dai ya rage zafi. Maman Hanif, an ji maganar wasan mata, Allah ya yi albarka. Ɗan Damagaram, nan wurin reslin ne, ranar da aka zo maganar takobi za mu neme ka. Auta, ba a yi wa na gaba da kai tonon bashi cikin jama'a, ka ba yayanka haƙuri. Ɗan Birget kuma fushi ne na rashin barci, zai huce. Yau bayan sallar isha'i zan sake haska wasan Cena daga farko, kuɗin shiga yadda aka saba, wanda ya sake rubuta maguɗi a nan kuma zan goge.